Darasi: Ɗayantakar Masu Bi A Kwanakin Jayayya

Karatu: Yohanna 17:11-23, Afisawa 4:1-16, Ayyukan Manzanni 15

Ayar haddacewa: Afisawa 4:3

Manufa: Mu gane abin da ya raba ekklesiyoyi a kan zancen luwaɗi da maɗigo, mu kuma koyi yadda za mu riƙe gaskiya ba tare da mun hallaka ɗan'uwa ba.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, maganar da za mu duba yau mai nauyi ce. Akwai waɗanda za su ce da ma an bar ta, gama bisa ga al'adarmu ba a ambaton irinta a gaban jama'a. Amma ta riga ta shigo gidajenmu. An raba ekklesiyoyi saboda ita, an kai juna gaban alƙali, har an zub da jini a ƙasarmu. Abin da ya kai mutane kabari kuwa ba shi yiwuwa a rufe shi da shiru. Saboda haka bari mu zauna da natsuwa, da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Mai koyarwa ya lura: darasin nan na manya ne, kada kuma a ambaci sunan kowa a garinmu ko a ikilisiyarmu yayin tattaunawa.

1. Addu'ar Ubangijinmu

A daren da aka bashe shi, Yesu ya yi addu'a domin almajiransa, sa'an nan ya ƙara da waɗanda za su ba da gaskiya ta wurin shaidarsu, watau mu ke nan. Ya roƙi Uba ya sa su zama ɗaya, ya kuma faɗi dalili: domin duniya ta gane Uba ne ya aiko shi. Ashe zaman masu bi da juna wa'azi ne, ko mai kyau ko mummuna, maƙwabtanmu kuwa suna sauraronsa kowace rana.

Cikin addu'ar nan kuma ya roƙi Uba ya tsarkake su ta wurin gaskiyar maganarsa. Roƙo biyu ne cikin addu'a guda, ba mu da iko mu zaɓi ɗaya mu yar da ɗaya. Wanda ya ce a yi shiru da koyarwa domin a zauna lafiya ya manta da aya ta 17. Wanda ya ce tun da ya ke yana da gaskiya ba ruwansa da ɗan'uwansa ya manta da aya ta 21.

Bulus, sa'ad da ya ke ɗaure, ya rubuta wa Afisawa su himmantu su kiyaye ɗayantakar da Ruhu ya bayar. Mu lura da kalmar nan, kiyayewa. Mutum ba ya kiyaye abin da babu. Ɗayantakarmu kyauta ce wadda Almasihu ya saya da jininsa, taron bishop-bishop bai ƙera ta ba, ƙuri'a kuma ba ta iya kashe ta. Bulus ya ƙidaya ginshiƙanta guda 7, tun daga jiki guda har zuwa Allah Uban kowa, ya kuma nuna kayan aikin kiyaye ta: tawali'u, da sanyin hali, da haƙuri, da ɗaukar nauyin juna cikin ƙauna.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun san wani abu na wannan. A shekara ta 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin mishan dabam dabam suka kafa tarayyar da a yau a ke kira TEKAN. Lutarawan Numan suna yi wa jarirai baftisma, 'Yan'uwa na Garkida kuwa sai mutum ya yi girma ya shaida da bakinsa kafin a nutsar da shi cikin ruwa. Duk da haka suka zauna cikin tarayya guda, suna addu'a tare da harshen Hausa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ko jayayyar zamaninmu irin waccan ce, ko kuwa ta fi ta zurfi.

2. Yadda jayayyar ta taso

Bari mu fara da Anglikan, gama a cikinsu ne maganar ta fi daɗewa a fili. Ekklesiyar Anglikan tana da larduna fiye da 40 a duniya, kowane lardi yana mulkin kansa. Bishop-bishop ɗinsu su kan taru a Ingila kamar sau ɗaya cikin shekara 10, bisa ga gayyatar Babban Bishop na Kantabari, a ke kiran taron nan Taron Lambet.

A taron shekara ta 1998 suka tsai da shawara a kan zaman aure. Mutum 526 suka yarda da ita, 70 suka ƙi, 45 ba su jefa ƙuri'a ba. Shawarar tana da hannu biyu. Da hannu ɗaya ta tabbatar cewa aure na namiji ne da mace, ta ce aikin luwaɗi da maɗigo bai dace da Littafi ba, ta kuma ƙi a sa wa irin wannan zama albarka. Da ɗaya hannun ta yi alkawarin sauraron mutanen da ke da wannan sha'awa, ta tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu, ta kuma tsauta wa masu jin tsoronsu ba dalili. Tun daga ran nan kowane sashi ya fi tunawa da hannun da ya gamshe shi.

A shekara ta 2003 ekklesiyar Anglikan ta Amurka ta keɓe Gene Robinson, wanda ya ke zaune a fili da ɗan'uwansa namiji, ya zama bishop na New Hampshire. A shekarar nan kuma aka fara sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka a wani yanki na Kanada. Ekklesiyar Anglikan ta Nijeriya, ƙarƙashin Babban Bishop Peter Akinola, ta yanke zumunta da ta Amurka, a 2005 kuma ta gyara tsarin mulkinta ta cire maganar danganta da kujerar Kantabari. A 2008 fiye da mutum 1,000 suka taru a Urushalima suka kafa ƙungiyar da a ke kira GAFCON. Bishop-bishop na Nijeriya ba su je Lambet a 2008 ba, ba su kuma je a 2022 ba. A watan Fabrairu 2023 majalisar Ekklesiyar Ingila ta yarda a yi addu'ar albarka ga masu zaman jinsi ɗaya, ko da ya ke ta ce ba ta sake koyarwarta ta aure ba. A watan Afrilu na shekarar GAFCON ta taru a Kigali ta ce ba ta ƙara ɗaukar Babban Bishop na Kantabari jagoran tarayyarsu ba.

Katolika suka bi wata hanya. A watan Disamba 2023 fadar Paparoma ta fitar da takarda mai ba firistoci izinin sa wa irin waɗannan mutane albarka, muddin ba a mai da shi kamar ɗaurin aure ba. A watan Janairu 2024 bishop-bishop na Afirka, ta bakin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za a yi haka a ekklesiyoyinsu ba, suka kuma ce suna nan cikin tarayya da Paparoma Francis. Suka ƙi abin, ba su bar gidan ba.

3. Sa'ad da wutar ta iso gida

Da a ƙasashen ƙetare kaɗai maganar ta tsaya, da mun ce labarin wasu ne. Amma ta iso bakin Binuwai.

Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Metodis ta rubuta cikin dokokinta tun 1972 cewa aikin luwaɗi da maɗigo bai dace da koyarwar Kirista ba. Aka yi ta jayayya a kan wannan shekara da shekaru. Tsakanin 2019 da 2023 ikilisiyoyi fiye da 7,600 a Amurka suka fita daga cikinta, a watan Mayu 2022 kuma aka kafa sabuwar ekklesiya mai suna Global Methodist. A babban taron 2024, a birnin Charlotte na Amurka, aka cire tsohuwar dokar.

A Nijeriya yawancin 'yan wannan ekklesiya suna ƙasar Muri, cikin jihar Taraba da kewayenta, inda aikin bishara ya kafu a Bambur tun shekarun 1920. A watan Yuli 2024 bishop ɗinsu, John Wesley Yohanna, ya fita ya koma Global Methodist tare da wani sashi na jama'a. Wani sashi ya tsaya, aka zaɓa musu sabon bishop a watan Disamba. Sai gardama ta tashi a kan majami'u da makarantu da sunan ekklesiya, har magana ta kai kotu. A watan Disamba 2024, a ƙauyen Munga Dosso cikin ƙasar Karim Lamido, rikici ya ɓarke, aka ƙone gidaje, mutum 3 suka rasa ransu, 2 daga cikinsu ƙananan yara ne.

Ba aikin darasin nan ba ne ya yanke wa kowane sashi hukunci. Amma akwai abu guda da ya kamata ya sa mu rawar jiki. Shugabannin sassan nan biyu a Nijeriya duka suna shaida a fili cewa aure na namiji ne da mace. A kan koyarwar aure bakinsu ɗaya ne. Inda suka saɓa shi ne, ko ya halatta a zauna ƙarƙashin suna guda da waɗanda suka sake koyarwa a wata ƙasa. Mutanen da suka yi baftisma a kogi guda, suna karanta Littafi guda, suna koyar da abu guda a kan aure, suka zama abokan gāba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sa'ad da bangon ekklesiya ya tsage, son sarauta da son dukiya da tsohuwar gāba su kan shiga su ɓuya a bayan sunan koyarwa.

4. Ainihin abin da a ke jayayya a kai

Domin kada mu ruɗe, bari mu raba maganar kashi uku.

Ta fari, mene ne Littafi ya koyar? Ekklesiyoyinmu, tare da yawancin masu bi na dukan zamanai, suna karanta Farawa 2 da Matiyu 19 su ga Allah ya kafa aure tsakanin namiji da mace. Suna karanta Littafin Firistoci 18, da Romawa 1, da 1 Korintiyawa 6, su ga an hana kwanan namiji da namiji, da mace da mace. A nan mu ke tsaye. Amma ya wajaba mu faɗi hujjar waɗanda suka saɓa mana yadda su da kansu za su yarda mun faɗa daidai. Suna cewa wuraren nan suna magana ne a kan fasikancin bautar gumaka da cin zalin yara da bayi, ba a kan mutum biyu masu alkawarin amana ba. Suna kuma cewa ekklesiya ta taɓa gyara fahimtarta a kan bautar da mutane, tana iya gyarawa a nan ma. Ba mu karɓi hujjar nan ba, gama Yesu da kansa ya koma ga halitta sa'ad da aka tambaye shi zancen aure, Bulus kuma daga halitta ya ɗauko maganarsa. Duk da haka wanda ya ce dukansu ba su karanta Littafi, ko ba su addu'a, ya yi shaidar zur.

Ta biyu, wace irin magana ce wannan? Cikin Romawa 14 Bulus ya yi zancen abinci da kiyaye ranaku, ya ce kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada mai ci ya rena wanda ba ya ci. Cikin 1 Korintiyawa 5 kuwa ya umarta a fitar da mai fasikancin da ya ƙi tuba. Waɗansu suna sa zancen nan cikin Romawa 14, su ce a bar kowace ekklesiya da lamirinta. Waɗansu suna sa shi cikin 1 Korintiyawa 5, su ce abin da Littafi ya kira zunubi ba mai ikon sa masa albarka. Wannan ne ya sa jayayyar ta fi ta baftisma wuya.

Ta uku, in wata ekklesiya ta sake koyarwarta, me masu riƙe da tsohuwar za su yi? Waɗansu sun ce fita ce shaida, kada a ce sun yarda. Waɗansu sun ce tsayawa ce shaida, gama in duk masu gaskiya suka fita wa zai yi magana a ciki? A kan wannan ta uku mutane masu tsoron Allah, masu koyarwa ɗaya, sun bi hanya dabam dabam, kamar yadda muka gani ga Anglikan da Katolika da Metodis na Afirka. Babban kuskurenmu shi ne mu ɗauki wanda ya saɓa mana a tambaya ta uku kamar ya saɓa mana a ta fari.

5. Yadda manzanni suka bi da jayayya

Ayyukan Manzanni 15 ya nuna mana ekklesiya ta fari cikin gardama mai zafi. Waɗansu daga Yahudiya suka zo Antakiya suna koyar da cewa Al'ummai ba za su tsira ba sai an yi musu kaciya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama ta taɓa hanyar ceto. Mu duba abin da suka yi.

Suka tafi wurin juna. Bulus da Barnaba suka yi tafiya mai nisa zuwa Urushalima, ba su zauna a Antakiya suna aika da zagi ba. Zumunta a ƙafa ta ke. Suka yi muhawara mai yawa a fili, ba wanda aka hana magana. Suka yi shiru suka saurari shaidar abin da Allah ya yi. Yakubu ya auna shaidar da maganar annabawa, gama labari kaɗai ba ya isa sai ya dace da Littafi. Daga bisani suka rubuta wasiƙa, suka aike ta ta hannun mutane amintattu, Yahuza da Sila, domin su bayyana ta da baki.

Sassan jayayyar yau duka biyu suna kafa hujja da surar nan. Masu sakewa suna cewa, ga shi an buɗe wa waɗanda a dā a ke ƙyama ƙofa. Masu riƙewa suna cewa, ga shi cikin abubuwa 4 da wasiƙar ta hana har da fasikanci. Mu muna ganin wasiƙar ta ɗauke kaciya ta bar tsarkin jiki a wurinsa. Amma ko mai gaskiya ya ci gardama, in bai bi hanyar manzanni ba, watau zuwa da saurare da aunawa, bai gama biyayya ga surar ba.

6. Idan rabuwa ta zama dole

A ƙarshen surar nan Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai tsanani a kan Yohanna Markus, har suka rabu. Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Littafi bai ɓoye wannan ba. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Amma mu lura da abin da ya biyo baya. Cikin 1 Korintiyawa 9 Bulus ya ambaci Barnaba kamar abokin aiki. Cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti ya roƙa a kawo masa Markus, gama yana da amfani a gare shi. Sun rabu, amma sun bar ƙofa a buɗe.

Haka kuma Ibrahim da Lutu cikin Farawa 13. Makiyayansu suka yi faɗa a kan makiyaya, marubucin kuwa ya tuna mana cewa Kan'aniyawa da Ferizziyawa suna zaune a ƙasar, watau akwai masu kallo. Ibrahim ne babba, shi ke da alkawari, amma ya bar wa ƙaramin zaɓi domin kada a yi husuma tsakanin dangi. Ya yi hasarar kwari mai dausayi. Sa'ad da aka kama Lutu a yaƙi kuwa, Ibrahim ne ya tashi da mutanensa 318 ya ƙwato shi.

Akwai abin mamaki cikin 1 Korintiyawa 6. Surar da mu kan buɗe domin mu nuna haramcin luwaɗi, ita ce ta fara da tsauta wa masu bi da ke kai juna ƙara gaban waɗanda ba masu bi ba. Bulus ya ce samun ƙara a tsakaninsu ma faɗuwa ce, ya fi kyau mutum ya yarda a cuce shi. Jerin masu zunubin da ya biyo baya kuma ya haɗa da masu haɗama, da mashaya, da masu zage-zage, da masu ƙwace. Ba daidai ba ne mu ɗaga aya ta 9 da ƙarfi mu tsallake aya ta 7 da ta 10. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

Sa'ad da wani ƙauyen Samariya ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama. Suna kishin Ubangijinsu ne, ƙauyen kuma ya yi laifi. Amma Yesu ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. Ba wata koyarwa, kome gaskiyarta, da ta ba mai bi izinin ɗaukar adda ko ashana. Ga wanda ya ƙi biyayya ma, Bulus ya gaya wa Tasalonikawa kada su mai da shi magabci, su gargaɗe shi kamar ɗan'uwa.

7. Mutumin da a ke magana a kansa

Cikin dukan tarurrukan nan da ƙuri'u, da sauƙi a manta cewa a kan mutane a ke magana. Kada mu ɗauka suna Amurka da Ingila kaɗai. Mai yiwuwa ne akwai saurayi ko budurwa a ikilisiyarmu, wanda muka yi wa baftisma, yana fama da wannan sha'awa a ɓoye, ya yi kuka ya yi azumi, ba shi da wanda zai gaya wa. Yana jin yadda mu ke magana a bakin majami'a. In abin da ya ke ji ba'a ce da la'ana da barazanar duka, ba zai zo wurin fasto ba. Zai tafi inda za a saurare shi, ko kuwa ya fid da zuciya ga ransa.

Jaraba dabam ce, aikata zunubi dabam. Mutumin nan an halicce shi cikin kamannin Allah, Almasihu kuma ya mutu dominsa kamar yadda ya mutu dominmu. Bulus, bayan ya gama Romawa 1, nan da nan ya juya ga mai yanke wa wani hukunci ya ce shi ma ba shi da hujja. Ga Korintiyawa kuma, bayan jerin nan mai ban tsoro, ya tuna musu cewa waɗansunsu haka su ke a dā, amma an wanke su. Ashe ekklesiyar Korinti tana da irin waɗannan mutane a cikinta, sun sami wurin zama da wurin tuba. Sa'ad da aka kawo wa Yesu macen da aka kama cikin zina, bai bari a jefe ta ba, bai kuma ce abin da ta yi daidai ne ba. Ikilisiyar da ta iya riƙe waɗannan biyu tare ita ce ta koyi halin Ubangijinta.

8. Abin da ya wajaba a kanmu

Mu tsare harshenmu. Ya zama ruwan dare a jefi abokin gardama da sunan ɗan luwaɗi, ko a kira ekklesiyarsa da haka, domin a ɓata shi. A ƙasarmu irin wannan ƙazafi yana iya jawo wa mutum duka ko mutuwa. Magana zarar bunu ce. Kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, kada kuma mu tura wa wasu saƙon waya da ba mu san tushensa ba.

Mu koyar da aure da rayuwarmu. Ikilisiyar da ke kau da kai ga zinar dattijo mai kuɗi, da mai dukan matarsa, ba za a ji muryarta ba sa'ad da ta yi magana a kan zunubin wasu.

Mu riƙe zumuntar da ta rage. In danginmu ko maƙwabtanmu sun bi wani sashi, mu gaishe su, mu je jana'izarsu, mu taimake su a gona. In ana rabon kaya, mu nemi dattawan wata ekklesiya su shiga tsakani kafin a je kotu, mu kuma kasance a shirye mu yi hasara. An gina majami'a da tubali, ana iya gina wata. Yaron da ya mutu ba mai mayar da shi.

Mu yi addu'a domin waɗanda muka saɓa da su, muna ambaton su a gaban Allah da alheri. Da wuya mutum ya ɗaga hannu a kan wanda ya yi wa addu'a da safe.

Tambayoyi

1. Waɗanne roƙo biyu ne muka gani cikin addu'ar Yesu? Wanne ne ikilisiyarmu ta fi saurin mantawa?
2. Me ya sa Bulus ya ce a kiyaye ɗayantaka?
3. Ku faɗi tambayoyi uku da ke cikin jayayyar nan. A kan wacce ce masu koyarwa ɗaya suka rabu?
4. Waɗanne matakai manzanni suka bi a Urushalima? Wanne ne ya fi mana wuya?
5. Me Ibrahim ya yi hasara, me kuma ya kiyaye?
6. In wani ya zo wurinku a asirce ya ce yana fama da wannan jaraba, me za ku fara gaya masa?
7. Akwai wani mai bi da kuka daina gaisawa da shi saboda rabuwar ekklesiya? Me za ku yi a makon nan?

Addu'a

Ya Uba, kai ne ka tara mu daga kabilu dabam dabam ka mai da mu iyali guda. Ka gafarta mana inda muka yi shiru da gaskiyarka saboda tsoro, da inda muka mai da ita sanda saboda girman kai. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi cikin rikicin ekklesiya. Ka ba shugabanninmu hikima da tawali'u. Ka kusato da masu fama a ɓoye, ka sa su sami jinƙai a wurinmu. Ka cika addu'ar Ɗanka a cikinmu, domin maƙwabtanmu su gani su gaskata. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.